Kayan salla sun iso bayan salla: wa zai ɗauki asara?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi mini haƙuri da tsawon saƙo, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Wasu a nan sun san ina ɗan taɓa saye da sayarwa daga gida, nan unguwar Lazare a Yamai. Farkon Fabrairu na sa hotunan takalman yara da jakunkuna a WhatsApp, na ce duk mai so ta biya, in yi komand daga Sin, kaya su zo kafin ƙaramar salla. Mata 11 suka ba ni kuɗi, yawancinsu ƴan adashenmu, biyu kuma dangin maigidana ne. Jika 340 suka taru. Na sayi takalma ƙafa 40, jaka 12, injin markaɗe 6, da pawabank 10 da na ƙara da kuɗina.

Na sa adireshin mangazar wani mai kargo a Gwanzu, wata ƙawata ce ta ba ni lambarsa. Da kaya suka taru ya ce in ta jirgin sama nake so, kwali ɗaya kawai jika 180. Na ce ina na gan su? Ya ce to a sa a jirgin ruwa, kwana 45 zuwa 60. Shekaranjiya suka iso, wata uku da rabi. Layya ce ma ke ƙaratowa.

Da ma latti ne kaɗai da na gode Allah. Ƙafa 17 ba su shiga ƙafar yaran ba, alhali lambar da uwayen suka faɗa ita na zaɓa. Wasu ƙasan ya ɓamɓare tun cikin leda. Jakar da a hoto za ka ce mayafi da darduma za su shiga, salula da ƙyar take shiga. Injin markaɗe biyu da aka jona sun yi hayaƙi nan take. Na shiga dandalin intanet ɗin da na sayi kayan in kai kuka, aka ce lokaci ya wuce. Mai kargo ya ce shi ɗauko kaya ne aikinsa, bai san abin da ke cikin kwali ba. Mata kuma suna ta kira. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, ni ce zan biya su, ko asarar ta kowa da kowa ce?

Tanti Rabi: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya mayar da alheri. Amma tunda gaskiya kika nema: su ba su san Gwanzu ba, ke suka sani. Hannunki suka sa wa kuɗi.

Isufu Mai Salula: Sannu Hajiya. Kada a ƙara jona sauran injinan huɗu. Ki juya gindin ɗaya ki karanta mini abin da aka rubuta kusa da harafin V.

Maman Hanifa: An sa 110V.

Isufu Mai Salula: To shi ke nan. Na Amurka aka aiko miki. Kuran ɗinmu 220 ne. Wurin da ake zaɓen launi, a ƙasa akwai wani ɗan wuri, ɗaya US ɗaya EU. In ba ki taɓa ba, wanda ke sama shi ke tafiya. Wannan kam ba zamba ba ce, ido ne ya tsallake. Huɗun da suka rage lafiyarsu lau, sai dai kowane yana son transfo mai rage wuta, kuma transfon da zai ɗauki injin markaɗe zai iya fin injin tsada.

Pawabank ɗin fa, ƙarfin batir nawa aka rubuta a jiki?

Maman Hanifa: 50,000. Ga shi siriri, ba nauyi, shi ya burge ni ma.

Isufu Mai Salula: Hajiya rashin nauyin shi ne shaidar ƙarya. Batir nauyi gare shi. Na 20,000 na gaskiya yana kai giram 350 zuwa 400 da wani abu, in kin riƙe kin san kin riƙe abu. Ko a jirgin sama, wanda ake barin matafiyi ya shiga da shi ba tare da neman izini ba bai wuce wajen 27,000 ba. To ina 50,000 mai kaurin biskit? A teburina na Katako na sha fasa irinsu. Wani za ka tarar da batir ɗaya ne ke da waya, sauran gwangwanayen yashi aka ɗura musu don a ji nauyi. Naki ko wahalar ɗura yashin ba su yi ba. Haka kile USB da katin memuwar masu cewa tera 2 a jika uku: kwamfuta za ta nuna tera 2 ɗin, kana ta zuba hotunan biki, daga baya ka buɗe ka tarar na farkon duk sun mutu, don sabon yana hawa kan tsohon ne.

Abin da ya fi damuna ba ƙaryar lamba ba ce. Sau da yawa irin wannan batir ba ya da abin da ke yanke wuta in ya cika. Ga zafin Yamai na Afrilu da Mayu, ga mutane na sa shi ƙarƙashin matashi su kwana.

Hamani: Isufu kai da kake sayar mana da caja ta dala ɗari da hamsin, yau kai ne mai wa'azi? Bagobiri dai ba ya tuba.

Isufu Mai Salula: Bazabarme, cajar dala ɗari da hamsin na ce maka ta dala ɗari da hamsin ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban rubuta mata jika biyar a goshi ba.

Zalika: Ni fa ina ganin ana shirin ɗora wa intanet laifin da ba nata ba. Shekara biyu ina saye a AliExpress, bayan salula, ekuter, fitilar karatu, har wani ɗan na'urar awon wuta da malaminmu na jami'a ya ce mu nema, babu shi a kasuwa nan. Ta akwatin gidan waya na babanmu suke zuwa. Suna daɗewa, gaskiya, amma sau ɗaya kawai koli ya ɓata, kuma aka mayar mini da kuɗina a kati. Ina duba taurarin mai kaya, ina karanta abin da mutane suka rubuta, musamman masu sa hoton abin da ya zo musu a hannu. Hoton mai kaya ba na ko kallonsa. Kuma don Allah, kayan da ke Babbar Kasuwa da Wadata daga ina suke? Ba can ɗin ba ne? Salular da ke hannun kowa a nan, Tecno, Itel, Infinix, duk kamfani ɗaya ne na Shenzhen. Mu daina yi kamar Sin jabu kaɗai ta iya.

Abdu Transiter: Zalika kin yi gaskiya, amma cinikinki da na Maman Hanifa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne duk maganar take. Bari in ɗan tsawaita, don kusan kowane wata sai wani ya zo mini da wannan kukan.

Ke kin sa adireshinki na Nijar. Dandalin yana riƙe da kuɗin, ba ya sakar wa mai kaya sai koli ya iso ko wa'adi ya cika. In bai zo ba, ko ya zo ba daidai ba, kina da ƙofar ƙara. Ita kuwa adireshin Gwanzu ta sa. A wajen dandalin, ranar da yaron mangaza ya sa hannu ya karɓi kwali, ranar ce mai saye ya karɓi kayansa. Daga nan ake fara ƙirga kwanakin ƙorafi. Kowane dandali da nasa wa'adin, wanda na fi sani kwana 15 ne. To kwana 15 ɗin sun ƙare tun kontena ba ta bar tashar ruwa ba. Lokacin da ta buɗe kwali a Lazare, mai takalman ya ci kuɗin ya wanke hannu tun da wata uku. Kariyar da ake ta talla a Gwanzu ta tsaya, ba ta hau jirgi ba.

Maganinsa ɗaya ne: mai kargo ya buɗe kwali ranar da ya iso, ya ɗauki bidiyo, ya sa mitir cikin takalmi, ya jona inji. Wasu suna yi in ka biya ɗan wani abu. Wanda ya ce ba ya buɗewa, ka nemi wani.

Sai jika 180 da ya ce. Hajiya kin tuna girman kwalin?

Maman Hanifa: Yana cikin saƙonsa. 60, 50, 40. Nauyi kilo 11. Ya ce kilo jika 9. Na buga na ga jika 99, shi ya ce 180. A raina na ce ɓarawo ne.

Abdu Transiter: A nan kam bai cuce ki ba. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Ana buga tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Naki 120,000 ne, in an raba ya ba da kilo 20. Tsakanin kilo 11 na sikeli da kilo 20 na girma, wanda ya fi yawa ake biya. 20 sau 9, jika 180. Takalma da jakunkuna iska ce rabinsu. Da ya cire kwalayen takalman ya matse, da ya sauka sosai. Abin da zan zarge shi da shi, bai yi miki wannan bayanin tun kafin ki sayi kaya ba.

Kwana 45 kuwa, ban san a wace taswira ya gani ba. Kin yi komand daidai lokacin sabuwar shekarar Shinuwa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Masana'antu suna rufewa, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, mako biyu uku ba abin da ke motsi. Sannan a jira kontena ta cika, don ba ke kaɗai ba ce a ciki. Sannan teku. Da can kaya Kotonu suke sauka, su hau zuwa Malanbil, su ƙetare gada su shigo Gaya. Tun da iyakar Benin ɗin nan ta rufe a 2023, aka koma Lome, a ratsa Burkina, kamyo su taru su jira rakiyar sojoji kafin su biyo ta Kaya da Dori su faɗo Tera. Jiran ayarin kaɗai yana cin makonni. Takalmin da aka liƙa da gam mai arha, ya yi wannan zaman cikin ƙarfe a rana, me zai hana ƙasansa ɓamɓarewa?

Ga duwan kuma. Kayan da aka gama ƙerawa yawanci kashi 20 cikin ɗari ne, wasu har 35, ga harajin TVA kashi 19, ga ƙananan haraji. Kuma ba a kan kuɗin sayen kaɗai ake lissafi ba, har da kuɗin ɗauko. Mai kargo yana cusa wannan cikin kuɗin kilo ko na mitir, shi ya sa ba ku gani. Farashin da ke kan gilashin salula farashin ƙofar masana'anta ne.

Zalika: Har da banki. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Amma yawancin kayan da dala ake sa musu kuɗi, ita kuwa tana hawa tana sauka, sannan kati ya cire nasa. Ni kullum sai na ƙara wani abu a kan abin da na gani kafin in ce ya yi arha.

Alhaji Ɗan Ader: Salamu alaikum. Yanzu yaro ya karanta mini abin da kunka rubuta, ina shago nan Tawa. Ɗiyata Maman Hanifa, sannu. Kada ki bari wanga abu shi hana miki kwana, wanda bai taɓa asara ba bai yi kasuwanci ba.

Ni tun 2008 nike zuwa Gwanzu, na je Yiwu kuma. Abin da yara ba su gane ba, Bashine ba ya ce maka a'a. Ka ɗauki takalmi ka ce nawa, shi ce kaza. Ka ce ya yi tsada, shi ce nawa kake so ka biya? Duk kuɗɗin da ka faɗi, akwai takalmin kuɗɗin. Hoto guda, kala guda, amma lamba ɗaya daban, lamba ukku daban. Shi rage gam, shi rage fata, shi rage zare. Mu da munka tahi da ƙahwahunmu, muna lanƙwasa takalmi mu shinshina, mu zauna har a ɗaure kwali gabanmu, kuma duk da haka wani lokaci a canza muna. To bale wanda ya tsaya Lazare yana cinikin biri a sama.

Zalika ɗiyata, gaskiyarki, kayan shagona ma na can ne. Amma in kin saye wurina ya ɓaci, kin san ƙohwar shagon, kin san gidana, kin san masallacin da nike salla. Ribar da nike ɗorawa, rabinta kuɗɗin wanga ne.

Zalika: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma rabin ɗaya fa? Abin da na saya jika biyu na gan shi a kasuwa jika bakwai.

Alhaji Ɗan Ader: Rabin ɗayan na tikitin jirgi ne da hayar shago da tuwon ƙannenki. Ke kin saye guda, in ya ɓaci kin yi asarar jika biyu kin yi dariya. Ba a gwada zurfin ruwa da kuɗɗin adashe.

Kargo Express: Salam jama'a!!! Masu son kaya daga Sin, Dubai, Turkiyya, kilo jika 4 kacal, kwana 7 kaya na hannunka. Muna koyar da komand a kwana uku, jika 15. Ku tura kuɗin rajista ku same ni ta pribe.

Hamani: Ga wani ya ji ƙanshin jini.

Shugaban Zaure: Na fitar da shi. Ban san wanda ya shigo da shi ba. Don Allah kada wanda ya tura wa wannan lambar ko dala.

Abdu Transiter: Madalla. Kilo jika 4 ta sama, ko man jirgin bai biya ba. Irinsu ne ke buɗe shafi a Facebook da hotunan mangazar wasu, ka tura kuɗi da sunan mutum, gobe lamba ta mutu. Akwai dokar laifukan intanet tun 2019, ana kai ƙara wajen ƴan sanda, amma kama mai layin da aka yi wa rajista da takardar wani ba wasa ba ne. Kuma duk wanda ya kira ya ce kolinka ya maƙale, ka karanto masa lambobin da suka shigo maka ta saƙo, kashe wayar. Lambobin nan su ne mabuɗin katinka. Ni katin da nake saye da shi daban yake, ba na zuba masa sai daidai abin da zan kashe a ranar.

Nafisa: Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren aikina, ko da ya ɗan kauce. Takalmi in ya matse a cire. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne abin da ake shafawa da wanda ake haɗiya. Mata na komand ɗin man bilicin, shayin rage ƙiba, ƙwayoyin ƙara ƙugu, babu sunan masana'anta, rubutun jiki ba mai iya karantawa. A wurin aiki muna ganin fatar da ta yi siriri kamar ledar albasa, jijiyoyi a waje, ciwo ya ƙi warkewa bayan tiyata. Da yawan mayukan nan akwai sinadarin kortikoyid mai ƙarfi a ciki, ko hidrokinon, wasu har zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa tun 2017 cewa a ƙasashe irin namu, wajen magani ɗaya cikin goma jabu ne ko bai kai inganci ba. Wannan fa har da wanda ya bi ta hannun mutane. To ina ga wanda ya zo cikin ambulan ba wanda ya duba?

Sale na Liyon: Ina biye da ku daga nan Faransa. Kada ku ɗauka mu da muke Turai mun tsira. A 2021 hukumomin nan suka sa aka cire dandalin sayayya na Wish daga injinan bincike, saboda kayan wasan yara da na lantarki da suka gwada suka tarar da haɗari. A Yulin 2025 aka ci dandalin Shein tarar yuro miliyan 40 a kan rangwamen ƙarya, wato a ƙara kuɗi sannan a soke a ce an rage. A Yulin 2025 ɗin dai hukumar Tarayyar Turai ta ce binciken farko ya nuna dandalin Temu ba ta yin abin da ya kamata don hana kayan da suka saɓa doka, ta ambaci kayan wasan jarirai da ƙananan na'urori. Birnin Seul na Koriya ma ya yi ta gwada kayan yara na dandalin nan a 2024, ana samun dalma da wasu sinadarai fiye da ƙima nesa ba kusa ba. Bambancin kawai, nan akwai masu ɗakin gwaji da ke bin sawu. Kwalin da aka hana shiga nan, ba a teku ake zubar da shi ba, wata kasuwar ake nema masa.

Agogon nan da ke ƙirga "saura minti goma rangwame ya ƙare", ku rufe ku dawo gobe, za ku same shi yana ƙirga minti goman.

Tanti Rabi: Duk mun ji, mun ƙaru. Amma yarinya tambaya ta yi, har yanzu ba a ba ta amsa ba. Malam Habibu, na ga kana karantawa ka yi shiru.

Malam Habibu: Hajiya Rabi, ina jira ne masu sanin hanya su gama, don hukunci yana bin yadda abu yake. Ba fatawa zan bayar ba, abin da muka karanta ne a zaure. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ma da sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa takardar da ta bayyana shi. Ashe magabata sun san cinikin abin da ido bai gani ba. Sharaɗin shi ne kaya su zo yadda aka siffanta. In sun saɓa, mai saye yana da haƙƙin ya ƙi karɓa.

Saura a san matsayinki, Maman Hanifa. In cewa kika yi "ku kawo kuɗi in sayo muku, ladana kaza", ke wakiliya ce, amana ce a hannunki, ba ki biyan abin da ya lalace sai in sakaci kika yi. In kuwa cewa kika yi "takalmi jika kaza ne, zai zo kafin salla", kika sa farashinki, ba su san nawa kika saya ba, to ke mai sayarwa ce, kaya suna wuyanki har su shiga hannunsu yadda kika siffanta, a lokacin da kika yanka. Wanne ne?

Maman Hanifa: Malam, na biyun ne. Na saya jika biyu da dala sittin, na sa musu jika biyar. Ban faɗa wa kowa nawa na saya ba. Kuma da bakina na ce kafin salla.

Malam Habibu: Allah ya saka miki da wannan gaskiyar, ba kowa zai faɗe ta a gaban jama'a ba. To ribar da taki ce, asarar ma taki ce. Wadda kayanta suka zo daidai kuma ta yarda da lattin, ta ɗauka. Wadda nata suka saɓa, ki mayar mata da kuɗinta, sai in ita ta yafe wani abu don ranta. Su ma an so su sassauta miki lokaci, tunda ba cinye kuɗin kika yi ba. Ki ƙara tambayar malamin unguwarku, ya ji daga bakinki.

Zalika: Malam ni dai abin ya yi mini nauyi. Shinuwa sun cuce ta, mai kargo ya yi mata ƙaryar kwanaki, kuma ita kaɗai za ta biya?

Malam Habibu: Ɗiyata, tana da haƙƙi a kan mai takalman, ba wanda ya ce ba ta da shi. Hannunta ne bai kai gare shi ba. Rashin kaiwar ba ya mayar da bashin kan matar da ta tara dala-dala don ɗanta ya sa sabon takalmi ranar idi.

Tanti Rabi: Abin da na faɗa tun farko ke nan, sai dai Malam ya sa masa mai. Ƙanwata ki fara da dangin mijinki. Ƴan adashe za su yi fushi su huce, amma maganar dangin miji har ranar auren Hanifa sai an tayar da ita.

Isufu Mai Salula: Lambar takalmi kuma, don gaba: kada ki bi 28 ko 30 da suka rubuta, kowace masana'anta da nata. Uwa ta taka ƙafar yaro a kan takarda, ta zana, ta auna da santimita, a ƙara ɗan wuri. Da wannan ake zaɓe. Injinan huɗu ki kawo mini Katako in gani. Akwai mai gyaran bantilater kusa da ni, wataƙila ya sayi motocin ciki. Ba zai yi yawa ba, amma ya fi a ajiye.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai jama'a. Jiya da dare na kasa amsawa, sai da na yi kukana na gama. Da safe na zauna na yi lissafi. Mata huɗu sun ce za su riƙe nasu, yaran za su sa da layya. Ɗaya ta ce ƙanen yaron zai sa, ta yafe. Saura shida, kuɗinsu jika 171. Na je gidan yayar maigidana da kaina na kai mata nata, ta karɓa ba ta ce komai ba, ko ruwa ba ta ce in sha ba. Ɗayar dangin nasa ba ta ɗaga waya. Sauran na roƙe su zuwa ɗaukar adashena na watan gobe, uku sun yarda, ɗaya ta ce sai ta yi shawara da mijinta. Mai kargo na tura masa lissafin Abdu da maganar kwana 45, ya karanta bai amsa ba.

Ƙananan takalman ne ban san yadda zan yi da su ba. Unguwarmu kowa ya riga ya ji labari.

Alhaji Ɗan Ader: Ɗiyata, waɗanda ƙasansu bai ɓamɓare ba guda nawa ne?

Maman Hanifa: 13 Baba. Huɗu ne suka buɗe.

Alhaji Ɗan Ader: Ki aiko su duka. Huɗun akwai baduku bakin kasuwa, shi bi su da zare. Layya ta kusa, mutanen ƙauye na shigowa ran Lahadi, ƙahwar yaro ba ta ƙarewa. Ba ni yi miki alkawalin jika biyar ba, abin da sunka yi shi za ni aiko miki. Ki kai tasha da marece ki ba motar sahe, ki rubuta Tawa da lambar yarona bisa kwali, za ni turo miki ita.

Hamani: Alhaji a sa mini pawabank ɗaya a kwalin, in ba Isufu kyauta.

Isufu Mai Salula: Kada ki sa su cikin kwalin nan Hajiya, motar Tawa yini take a rana. Ki zo da su tare da injinan. Ina nan har la'asar.